Daga Kano Zuwa Nakhon Pathom: Ziyarata Gidan Ruhubanawa Mata a Ƙasar Tailan

A ƙarshen watan Nuwamba, lokacin da hunturu ya fara kankama a Kano, na tashi zuwa Bankok domin halartar wani taro a kan ilimin 'ya'ya mata wanda wata jami'a ta can ta shirya. Tarihin addinai nake koyarwa, kuma tun da takardar gayyata ta iso na ƙudura a raina cewa idan taro ya watse zan wuce Nakhon Pathom, inda wasu mata mabiya addinin Buda suke zaune a matsayin cikakkun ruhubanawa alhali majalisar ƙoli ta addinin ƙasarsu ba ta amince da naɗinsu ba. Na daɗe ina ba ɗalibai labarinsu daga abin da na karanta, na ga ya dace in je in gane wa idona.

Shirin biza ya ɗauki lokaci, domin ɗan Najeriya mai neman shiga Tailan sai ya haɗa da takardar wankewa daga hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ban da bayanan asusun banki da shaidar masauki da tikitin dawowa. Daga Kano muka ya da zango a Adis Ababa, daga nan jirgi ya kwana da mu a sama. A filin jirgin Suvarnabhumi duk wanda ya fito daga ƙasarmu sai ya fara biyawa ta teburin jami'an lafiya ya nuna katin rigakafin shawara, su buga masa hatimi, sannan ya shiga layin shige da fice. Wanda bai san da wannan ba sai ya kai gaban layi a maido shi baya, kuma na ga an maido mutane da dama. Jirgin ƙasa mai shiga gari ya kai ni unguwar Pratunam a kan baht 40, kuɗin ƙasar. A can na kama ɗaki a kan baht 800 a kwana, kusa da shagunan da 'yan kasuwarmu suke sarin tufafi.

Wani Alhaji ɗan Kano da ya daɗe yana harkar aika kaya daga can shi ne aka haɗa ni da shi tun daga gida, kuma shi da maiɗakinsa sun riƙe ni riƙon 'yar'uwa. Su suka nuna mini masallacin unguwar da shagunan Musulmin Tailan inda ake sayar da shinkafa da kaza mai kayan ƙanshi a kan baht 60, suka kuma koya mini duba tambarin halal a jikin kayan kanti. Da na gaya musu inda na nufa, Alhaji ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Malama, shekara da shekaru ina garin nan, ban taɓa ganin mace cikin mayafin nan mai ruwan goro ba. Masu fararen kaya dai na sani." Hajiya kuwa damuwarta sallata da abincina, har ta cusa mini dabino da gwangwanin kifi a jaka.

Maganar Alhaji gaskiya ce ga duk wanda ya tsaya a Bankok. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen ƙasar mabiya Buda ne a kan tafarkin Theravada, ɗaya daga cikin manyan rassan addinin, kuma ruhubanawa maza, waɗanda ake kira bikku, tare da masu koyo, sun haura 200,000. Da asuba za ka gan su ba takalmi, kowa rungume da ƙwaryarsa, suna bin titi a natse. Abin da ya fara jan hankalina shi ne masu ba su abincin: kusan duk mata ne, tsofaffi da ma'aikatan ofis da masu tuyar bakin hanya, waɗanda suka tashi tun duhu suka dafa shinkafa suka ƙulla miya a leda. Mace ba ta taɓa bikku, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu, sai dai ta zuba a ƙwarya ko ta ɗora a kan wani ƙyalle da yake shimfiɗawa. A cikin jiragen ƙasa akwai kujerun da aka keɓe musu, kuma mace ba ta zama a gefensu.

Masu fararen kayan da Alhaji ya ambata su ne mae chi. Na same su a wani babban wurin ibada kusa da kogin Chao Phraya, kawunansu a aske, wata tana shara, wata tana sayar da furanni da turaren tsinke, wasu suna ɗakin girki. Dokoki takwas suke riƙewa, ba sa aure, ba sa cin abinci bayan rana ta raba, amma a tsarin addinin ba a ƙirga su cikin ruhubanawa, saboda haka tallafin hukuma da girmamawar da bikku yake samu ba sa kai musu yadda suke kai masa. Duk da haka a cikinsu an yi manyan malamai. Mae Chi Sansanee ta kafa cibiyar Sathira Dhammasathan a Bankok a 1987, ta riƙa karɓar mata masu ciki da waɗanda aka ci zarafinsu har zuwa rasuwarta a 2021, kuma sunanta sananne ne a duk ƙasar.

Taro ya tashi lafiya, na ɗauki jakata zuwa tashar Thonburi. Jirgin talakawa ne mai tagogi a buɗe da fanka a rufi, kuɗinsa bai kai baht 20 ba, yana tsayawa a kowace ƙaramar tasha, masu talla suna shiga suna fita. Nakhon Pathom ba ta kai kilomita 60 daga Bankok ba. Da ka fito daga tasha abin da yake tare maka ido shi ne hasumiyar Phra Pathom Chedi, mai siffar ƙararrawa a kife, wadda tsawonta ya kai mita 120. Garin ya shahara da naman alade, don haka na tsaya a kan 'ya'yan itatuwa da wata shinkafa mai danƙo da ake dafawa da madarar kwakwa a cikin gora, wadda na tabbatar da abin da ke cikinta kafin in saya. Daga nan mai keken haya ya kai ni bakin babban titin Phetkasem a kan baht 100, ya sauke ni a ƙofar Songdhammakalyani, gidan ruhubanawa matan.

Na yi tsammanin wuri ne a cikin daji, sai na tarar da gida a bakin titi, manyan motoci suna wucewa dare da rana. Na riga na rubuto musu tun daga Kano, na bayyana cewa ni Musulma ce, nazari ya kawo ni, ba zan rusuna wa mutum-mutumi ba, ba kuma zan shiga cikin ibadarsu ba. Wadda ta tarbe ni, bikkuni ce, wato mace mai cikakken naɗin ruhubananci, mai matsakaicin shekaru da take jin Ingilishi, ta ce wannan ba matsala ba ne, ta kai ni ɗakin baƙi mata mai katifa a ƙasa da gidan sauro, ta bar ni in nemi alƙibla da wayata. Ba a yanka kuɗin kwana, baƙo yana saka abin da ya sawwaƙa a akwatin gudummawa. Ba a dafa nama a gidan ko kaɗan, wannan ya sauƙaƙa mini sha'anin abinci, sai dai daga tsakar rana an rufe tukunya ga ruhubanawan sai gobe, kuma a nan dabinon Hajiya ya yi mini rana. Tun kafin gari ya waye ake buga ƙararrawa su taru su yi karatu cikin harshen Pali, tsohon harshen littattafan addininsu, daidai lokacin da nake sallar asuba a ɗakina.

Mata biyu ne, uwa da 'ya, suka tsayar da gidan. Uwar, Voramai Kabilsingh, malamar makaranta ce kuma marubuciya, an haife ta a 1908. Ta aske kanta a 1956, ta ƙi sa fararen kayan mae chi, ta sayi wannan fili ta gina wurin ibada da makarantar marayu, sannan a 1971 ta tafi Taiwan aka naɗa ta cikakkiyar bikkuni a kan tafarkin Sinawa. 'Yarta, Chatsumarn Kabilsingh, wadda aka haifa a 1944, ta yi karatu a Indiya da Kanada, ta samu digirin digirgir a kan dokokin ruhubanawa mata, ta yi shekaru fiye da 20 tana koyar da falsafa da addini a Jami'ar Thammasat, ta yi aure ta haifi 'ya'ya maza uku. Tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Sakyadhita ta matan Buda na duniya a 1987. Bayan ta bar kujerar jami'a da gidan aure, a 2001 ta tafi Siri Lanka ta karɓi naɗin farko, a 2003 ta koma ta karɓi cikakken naɗi da sunan Dhammananda, ta zama mace ta farko 'yar Tailan da ta zama bikkuni a tafarkin Theravada. Mahaifiyarta ta rasu bayan 'yan watanni a cikin wannan shekarar. A gidan ana ce wa Dhammananda Luang Mae, uwa mai daraja, marigayiyar kuma Luang Ya, kaka mai daraja.

Mafi yawan lokacina a ɗakin karatunsu na yi shi, tare da bikkunin da ta tarbe ni, kuma a nan na fahimci inda gardamar take. Littattafan Theravada da kansu sun kawo cewa Mahapajapati Gotami, ƙanwar mahaifiyar Buda wadda ta shayar da shi bayan rasuwar uwarsa, ta roƙe shi sau uku ya buɗe wa mata ƙofar ruhubananci, ya ƙi. Sai ta aske kanta, ta bi shi da ƙafa daga Kapilavatthu zuwa Vesali tare da mata 500, suka iso ƙafafu a kumbure. Almajirinsa Ananda ya tambaye shi ko mace tana iya kaiwa ga matsayin ƙarshe na tsarkaka da namiji yake kaiwa, ya amsa cewa tana iyawa, daga nan ya yarda. Littattafan sun ambaci Khema a matsayin wadda ta fi sauran mata hikima, Dhammadinna gwanar wa'azi, Patacara masaniyar dokoki, kuma waƙoƙi 73 na waɗannan matan farko suna nan a cikin littafin Therigatha. Saboda haka babu wani malamin Theravada da yake musun cewa an yi bikkuni, ko yake cewa mace ba ta da ƙwaƙwalwar abin.

Rigimar ta silsila ce. Dokar naɗi ta ce mace tana karɓa ne daga ɓangare biyu, jama'ar bikkuni su fara naɗa ta, sannan jama'ar bikku su tabbatar. Sanghamitta, 'yar Sarki Asoka na Indiya, ita ta kai wannan silsila Siri Lanka a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, tare da reshen bishiyar Bodhi, mai tsarki a wurin mabiya Buda, wanda ta dasa a Anuradhapura. Silsilar ta rayu fiye da shekara 1,000, sannan ta yanke a ƙarni na 11 bayan yaƙe-yaƙe da yunwa. Hujjar majalisar ƙoli ta Tailan ita ce tun da babu bikkuni ko ɗaya ta Theravada da ta rage, babu mai ikon naɗa sabuwa. Masu neman farfaɗowa suna ba da amsa biyu. Ta farko, a wajajen 433 wasu bikkuni na Siri Lanka ƙarƙashin Devasara sun shiga jirgin ruwa zuwa Nanjing suka naɗa matan Sin fiye da 300, kuma wannan reshen bai taɓa yankewa ba a Sin da Koriya da Taiwan da Biyetnam, don haka karɓa daga gare su maido da amana ne. Ta biyu, izinin farko da Buda ya ba bikku maza su naɗa mata ba a taɓa soke shi ba. A kan wannan aka naɗa matan Siri Lanka goma a Sarnath ta Indiya a 1996, aka sake yi a Bodh Gaya a 1998, daga nan aka ci gaba a Dambulla ta Siri Lanka. Masu adawa suna cewa littafin dokokin Sinawa daban yake da nasu, ba ya halatta musu.

A Tailan akwai ƙarin shinge na hukuma. A 1928 wani mai sukar malaman zamaninsa, Narin Phasit, ya sa aka naɗa 'ya'yansa mata biyu, Sara da Chongdi. Aka kama su, aka cire musu mayafi, shugaban addinin ƙasar ya fitar da umarnin da ya hana kowane bikku naɗa mace. Da aka yi wani naɗi a lardin Songkhla a 2014 da hannun malaman Siri Lanka, majalisar ta sake jaddada wannan umarni. Sakamakon haka gidan da na sauka ba shi da rajistar wurin ibada irin ta sauran, kuma duk macen da take son cikakken naɗi sai ta nemi kuɗin jirgi zuwa wata ƙasa. Duk da haka adadinsu a Tailan ya kai 'yan ɗaruruwa, a larduna da dama.

Na tambayi mai masaukina batun da ya fi tsaya mini a rai, wato sharuɗɗa takwas da littafin ya ce an gindaya wa Mahapajapati, waɗanda na farkonsu ya ce bikkunin da ta shekara 100 da naɗi za ta rusuna wa bikkun da aka naɗa yau, wani kuma ya hana mace yi wa bikku gyara. Ta ce akwai masu bincike da suke ganin daga baya aka shigar da wasu daga cikinsu, amma su a gidan suna girmama bikku, suna zuwa karɓar nasiha wurinsu kamar yadda doka ta ce, suna kuma riƙe dokokinsu 311, alhali na maza 227 ne. Ta ce wadda ake jira ta yi kuskure dole ta fi kowa kiyaye doka. Amsar ba ta kawar da nauyin sharuɗɗan a zuciyata ba, amma na gane dabararsu: da littafin da ake kafa musu hujja da shi suke kare kansu, kuma sun haddace shi.

Na yi sa'ar kasancewa a ranar 5 ga Disamba, ɗaya daga cikin ranaku biyu na shekara da gidan yake yi wa mata naɗin wucin gadi na kwana tara, ɗayar kuwa 6 ga Afrilu ce. A al'adar Tailan saurayi yakan shiga ruhubananci na ɗan lokaci domin ladan ya kai ga iyayensa, har ana cewa uwa takan kama gefen mayafin ɗanta ta shiga aljanna. Macen da ba ta haifi namiji ba ta rasa wannan ke nan. Da safe matan suka zauna a jere cikin fararen kaya, akwai 'yar jami'a, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai tsohuwa mai furfura, dangi suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna datsar gashinsu da almakashi suna tarawa a kan ganyen bado, kafin a sa reza a aske kai da gira. Kusa da inda na tsaya wata dattijuwa tana riƙe da ganyen 'yarta tana kuka ba sauti. Wata mai sa kai ta raɗa mini cewa 'ya'yanta uku duk mata ne. Daga baya Dhammananda da kanta ta zauna a gaba, ta ba su dokoki goma suna maimaitawa, suka karɓi mayafi da ƙwarya. Iyaye maza suna zaune a ƙasa a bayan zauren, hannuwa a haɗe a ƙirji.

Washegari na bi su a baya daga nesa a zagayen karɓar abinci. Suka bi lunguna a jere bisa tsarin daɗewa da naɗi. A ƙofar gidaje mutane suna jira da tukwanen shinkafa, suna cire takalmi kafin su zuba. Na ga wani magidanci mai gyaran babura ya durƙusa a kan kwalta a gaban mata yana karɓar addu'arsu. An gaya mini cewa a farkon shekarun gidaje kaɗan ne suke fitowa, wasu ma rufe ƙofa suke yi. A tsarin da ruhubani ba ya noma, ba ya kasuwanci, wanda jama'a suka daina ciyarwa ya tashi daga aiki, don haka a ganina wannan shinkafar ita ce takardar shaidar da suka samu, kuma sun same ta ne ta hanyar koyarwa da ziyartar marasa lafiya da fursunoni mata da sauraron matsalolin da mace ba za ta iya kai wa bikku ba.

A jirgin komawa Bankok tunanina ya tafi ga Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da tsarin 'Yan Taru da ta kafa, inda take zaɓar jaji ta naɗa mata malfa da jan rawani ta tura ta ƙauyuka da waƙoƙin ilimi. Bambancin yana da girma. Musulunci ba shi da ruhubananci, kuma ilimi a wurinmu ba ya jiran naɗi daga jinsi ɗaya: mace tana karɓar ijaza daga namiji, namiji yana karɓa daga mace, kamar yadda manyan malamai suka karɓi Sahihul Buhari a Makka daga Karima al-Marwaziyya, wadda ta rasu a 1070, a ƙarnin da silsilar matan Siri Lanka take yankewa. Haka kuma Asma'u ta yi aikinta ne da goyon bayan mahaifinta da ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da mijinta Waziri Giɗaɗo, matan Nakhon Pathom kuwa shugabanninsu ne suka juya musu baya. Wannan ya sa na ji nauyin halin da muke ciki, domin mu da babu dokar da ta rufe mana ƙofa, har yanzu akwai ƙauyukan da ake cire yarinya daga makaranta kafin ta iya karanta wasiƙa, kuma malamai mata da suka cika Islamiyyu ba kasafai ake kiransu inda ake yanke shawara a kan al'amuran mata ba.

Kafin in bar ƙasar na koma wurin ibadar nan na bakin kogi, na sami wata mae chi tsohuwa da take koyar da zaman tunani ga baƙi, na tambaye ta ko tana sha'awar cikakken naɗi. Ta ce a'a. A ganinta launin mayafi ba ya ƙara wa zuciya tsarki, kuma ba ta son shiga jayayya da malaman da suka koyar da ita. Mata da yawa a Tailan suna kan wannan ra'ayi, kuma wanda zai ba da labarin ƙasar da adalci dole ya ambace su. A wasu ƙasashen kuwa al'amarin ya yi nisa: a Taiwan bikkuni sun fi bikku yawa, kuma ɗaya daga cikinsu, Cheng Yen, ita ta kafa gidauniyar agaji ta Tzu Chi a 1966 da taron kwabban matan aure 30, a 2016 mata 20 na tafarkin Tibet suka karɓi digirin geshema, mafi girma a karatunsu, a 2022 kuma shugaban addinin Butan da kansa ya yi wa mata 144 cikakken naɗi.

Daren ƙarshe a gidan Alhaji na yi shi, Hajiya ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka da aka kawo mata daga gida, suka sa ni na ba su labari tun daga tashar Thonburi. Alhaji ya ce ashe sa'a ɗaya da rabi ce tsakaninsa da wurin. Duk abin da na kashe a tafiyar Nakhon Pathom, har da gudummawar da na saka a akwati, bai kai baht 3,000 ba. Suka raka ni tashar jirgin da yake zuwa filin jirgin sama, na bi ta Adis Ababa na sauka Kano da rana, na tarar an fara jarrabawar ƙarshen zango.